Cinikin Mota Bai Ƙare Ba Sai An Canza Suna

A cikin birnin Kano, daga Mandawari zuwa Yakasai da Gwale, yawancin cinikin tsohuwar mota a ƙofar gida ake yin sa. Dillali ya kawo mai saye, a yi tayi, a sallama, a ƙirga kuɗi, a miƙa makulli da takardu, a yi addu'a kowa ya watse. Tun da duk ɗan unguwa ne, sai a ji kunyar rubutu. To amma fa hukuma ba ta san wannan ciniki ba. A wurinta, wanda sunansa ke jikin takarda shi ne mai mota, ko da ya shekara biyar bai sa ta a ido ba.

Takardun da ke bin mota

Kowace mota tana tafiya da takardu biyar. Akwai lasin mota, wanda ake sabuntawa duk shekara a ofishin lasin da ke ƙarƙashin Hukumar Tara Kuɗin Shiga ta Jihar Kano. Akwai takardar shaidar mallaka. Akwai takardar lafiyar mota, wadda jami'an VIO ke bayarwa. Akwai inshora, wadda tun Janairun 2023 mafi ƙarancinta ga motar gida ya tashi daga Naira 5,000 zuwa Naira 15,000. Sai takardar kwastan, mai nuna an biya kuɗin fito ranar da motar ta shigo ƙasa.

Lambar mota kuma ba ado ba ce. Haruffan jikinta, irin su KMC ko DAL ko GWL, suna nuna ƙaramar hukumar da aka yi rajista, wato Birni ko Dala ko Gwale. Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, tana ajiye kowace lamba a kwamfuta tare da sunan mai ita da adireshinsa.

Idan mai saye bai canza suna ba

Wannan ita ce matsalar da ta fi yawa. Mai saye ya ci gaba da hawa da sunan tsohon mai mota, wataƙila ma ya sayar wa wani a Bichi ko Ɗambatta. Ran da motar ta buge mutum direba ya gudu, ko aka kama ta da kayan laifi, gidan wanda sunansa ke kwamfuta 'yan sanda za su fara zuwa.

Wanda ya sami kansa a haka kada ya jira sai ta ɓaci. Ya nemi mai sayen da dillalin, su rubuta yarjejeniyar ciniki ko da a makare ne. A sa ainihin ranar da aka miƙa mota, da kuɗinta, da lambarta, da lambar shasi, da lambar inji, shaidu biyu su sa hannu. Idan mai sayen ya ɓace, sai ya je kotu ya yi takardar rantsuwa cewa ya sayar da mota kaza ran kaza ga wane. Ya kai kofi ofishin lasin da ofishin 'yan sanda mafi kusa, ya ajiye na ainihi a gida.

Idan kuɗi bai cika ba

Wani kuma yakan karɓi rabin kuɗi ya saki mota da takardunta duka, a kan alkawarin ciko bayan salla. Daga nan sai yau da gobe. Kuskuren shi ne sakin takardun ainihi. Mai sayarwa ya riƙe takardar mallaka da ta kwastan har sai an cika, ya ba da kofi kawai. Aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni da rubuta bashi da kafa shaidu, saboda haka babu abin kunya a ciki.

Idan aikin gama ya riga ya gama, kada ya tara matasa su je ƙwato mota da ƙarfi, don mai gaskiya yana iya komawa mai laifi. A fara da mai unguwa da dattawan da suka san cinikin. In sulhu ya ƙi, sai kotu, ko ta shari'ar Musulunci irin ta Ƙofar Kudu, ko ta majistare. Bashi maganar alƙali ce, ba aikin ɗan sanda ba.

Idan motar ce ke da matsala

Mai saye ma yana da tasa fargabar. Mota tana iya zama ta sata, ko wadda aka shigo da ita ta ɓarauniyar hanya ba a biya fito ba. Irin wannan kwastan na iya kama ta a hanya, kuma cewa "saya na yi" ba ta hana a tafi da ita. Karɓar kayan sata da sani kuwa laifi ne a dokar Final Kod.

Saboda haka kafin a biya ko kwabo, a duba lambar shasi da ke jikin mota, a gwada ta da ta takarda harafi bayan harafi. A motocin zamani haruffa da lambobi 17 ne. Idan an ga alamar kankara ko walda a wurin, a haƙura da cinikin komai arharsa. A tabbata sunan mai sayarwa shi ne a takarda, in kuwa ba shi ba ne, ya nuna yarjejeniyar da ya saya da ita. Wanda kuma ya gano matsalar bayan ya biya, ya kai kansa wurin 'yan sanda da takardunsa da shaidunsa tun kafin a zo nemansa. Kada ya yi dabarar tura wa wani.

Yadda ake canza suna

Mai saye zai je ofishin lasin da yarjejeniyar ciniki, da tsofaffin takardu na ainihi, da katin shaida, da hotuna, da takardar rantsuwa daga kotu, da shaidar 'yan sanda cewa ba a neman motar. Zai biya kuɗin hukuma ya karɓi rasit, sannan a fitar da takardu da sunansa, ya kuma yi sabuwar inshora. Ya yi hattara da 'yan kan-ta-waye da ke tsaye a bakin ofis, don takardar bogi ba ta shiga kwamfuta.

Abin da ya fi shi ne mai saye da mai sayarwa su tafi tare a makon da aka yi ciniki. Wanda bai iya karatun boko ba ya tafi da ɗansa ko wani amintacce ya karanta masa kafin ya dangwala yatsa. Wahalar yini ɗaya ce, kuma Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani. Allah ya tsare mu da rikicin da ba mu ji ba ba mu gani ba, amin.