Suna Ɗaya, Aiki Dabam: Matsalar Kwafe Fayil Tsakanin Kwamfutoci

Akwai wani umarni mai harufa biyu kacal, wato cp, wanda masu aiki da kwamfuta ke rubutawa a baƙin allo idan suna son kwafe fayil daga wani wuri zuwa wani. Umarnin ya kwana biyu a duniya, domin tun a 1971 yake cikin tsarin Unix na farko, wanda Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ƙera a ɗakin binciken Bell a Amurka. Yau ana samunsa a Linux, da FreeBSD, da kwamfutocin Apple. Sai dai sunan ne kawai ɗaya, aikin kam ba koyaushe yake zuwa ɗaya ba.

A ce ma'aikacin ofishin albashi yana da jakar fayiloli mai suna albashi, yana so ya adana kwafinta a cikin wata jaka da ke nan tuni mai suna ajiya. Sai ya rubuta cp -R albashi/ ajiya. Harafin R yana nufin a kwashe har da ƙananan jakunkunan da ke ciki. A Linux, inda ake amfani da cp na ƙungiyar GNU, jakar albashi za ta shiga cikin ajiya a dunƙule, da sunanta. A kwamfutar Apple kuwa, wadda ta gaji nata cp daga reshen Unix da ake kira BSD, wannan karkatacciyar sanda ta ƙarshen suna tana nufin a zazzage abin da ke cikin jakar kawai. Fayilolin sai su watsu cikin ajiya, kuma in akwai tsofaffi masu irin sunansu a can, sababbin su danne su ba tare da an tambayi kowa ba, domin cp ba ya neman izini sai an ƙara masa harafin -i. Albashin bara ya tafi ke nan, alhali ma'aikacin bai rubuta kome ba daidai ba.

In aka tsallaka gidan Microsoft, sai harshen ma ya sake baki ɗaya. Tsarin DOS ya zo a 1981 da umarnin COPY, aka ƙaro XCOPY a 1986, daga baya kuma Robocopy. Da yake DOS ya riga ya keɓe karkatacciyar sanda don nuna zaɓi, sai a 1983 aka ɗauki mai karkata baya don raba sunayen jakunkuna, kuma har yau Windows yana kan haka. Abin da ya fi kama gwanaye shi ne lambar da umarni ke bari in ya gama aiki. A al'adar Unix, sifili ne kaɗai alamar nasara. Robocopy kuwa yakan bar lamba 1 idan ya kwafe fayiloli lafiya lau, sai daga 8 zuwa sama ne yake nufin an sami matsala. Saboda haka jerin umarnin da aka tsara bisa al'adar Unix zai iya tsayawa yana kukan gazawa, ashe aiki ya kammala. Zaɓinsa na /MIR kuma yana share duk abin da ya tarar a wurin ajiya wanda babu shi a asali.

An yi ƙoƙarin daidaita lamarin. Cibiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar POSIX a 1988, ɓangaren umarnoni ya biyo baya a 1992. Zaɓuɓɓukan da ƙa'idar ta tanada wa cp ba su da yawa, daga ciki akwai -R, da -i, da -p mai riƙe kwanan wata da izinin fayil. Abin da ya wuce su ƙarin kowane gida ne. Harafin -u na GNU, mai tsallake fayil ɗin da bai sabunta ba, ba a samunsa a cp na Apple. A ganina, wanda zai rubuta umarnin da wasu za su gudanar a na'urorin da bai sani ba, ya fi masa ya tsaya kan wannan ɗan kaɗan da kowa ya yarda da shi, ko da zai rasa wani sauƙi.

Ko umarni ya yi daidai, faifan da ake zuba kayan yana da nasa sharuɗɗan. Linux yana ɗaukar Rahoto da rahoto a matsayin fayil biyu, Windows da Apple kuwa, bisa saitinsu na asali, suna ganinsu abu ɗaya. Filashin da ke kan tsarin FAT32 ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4.

Shi kuwa ma'aikacinmu, in jakar yake so a dunƙule, ya rubuta albashi ba tare da sandar ba. In abin ciki kawai yake so, ya rubuta albashi/. wato sanda da ɗigo a bayanta. Waɗannan biyun Linux da Apple suna fahimtarsu iri ɗaya.