Ko Kun Sani?

Ko kun san cewa dabarar da rumbunan ilimi na intanet ke bi wajen zaƙulo takardun bincike, daga wurin lauyoyi aka aro ta? Tun 1873 lauyoyin Amurka ke da kundin Shepard's Citations, wanda ke nuna musu shari'o'in baya-bayan nan da suka kafa hujja da wani tsohon hukunci.

A 1955 Eugene Garfield ya rubuta a mujallar Science cewa a yi wa kimiyya irin wannan kundi. Hujjarsa mai ƙarfi ce. Masana biyu kan yi bincike a kan abu guda, amma kowa da sunan da yake kiransa, don haka mai nema da kalma kaɗai zai samu ɗaya ya rasa ɗaya. To amma in dukkansu sun ambaci wata tsohuwar takarda, ga hanyar da za ta kai ka ga su biyun. Kundinsa, Science Citation Index, ya fito a 1964, littattafai ne masu kauri.

Yau kwamfuta ke wannan aiki. Google Scholar, da aka buɗe a 2004, yana la'akari da yawan ambato wajen jera sakamako. Sai dai akwai gyara: sabuwar takarda, komai ingancinta, ba ta tara ambato ba tukuna, sai ta nitse ƙasa. Ɗalibi, in kana nema, ka riƙa taƙaita shekarun bincikenka don ka ga na kwanan nan.