TARON SHAWARA NA MALAMAN ASIBITIN ƘAUYE

Zuwa ga Hakimai da malamansu na ƙasar Tambuwal da Kebbe.

Kowa ya san yadda aikin malamin asibitin ƙauye ya ke. Shi ne mai duba marar lafiya, shi ne mai ba da magani, shi ne kuma mai rubuta littafi. Wanda ke Kuchi ya kan daɗe bai sa wanda ke Jabo ko Dogon Daji a ido ba. To, mutumin da ke aiki shi kaɗai, in ya yi kuskure ba mai gaya masa, har kuskuren ya zame masa al'ada. Maganin wannan shi ne taron shawara.

Asalinsa

A 1950 wani likita a Landan, Michael Balint, ya fara tara likitocin unguwa mako mako. Kowa ya kan kawo labarin majinyacin da ya gagare shi, su tattauna. Daga baya waɗansu ƙasashe suka ɗauki dabarar.

Yadda a ke yinsa

Malaman asibiti da ungozomomi, kamar su goma, su zaɓi rana guda kowane wata, kowa ya zo da littafin majinyata. Wannan dabam ne da zuwa hedkwata miƙa lissafi, gama nan ba shugaba, duka tsara ne. Su ɗauki matsala guda, su tsai da abin da za su sake, sa'an nan wata mai zuwa su duba ko an sake ɗin.

Ga misali. Tun 2005 Nijeriya ta bar kulorakwin, domin ya daina kashe ƙwayar zazzaɓin cizon sauro, ta koma ga sabon haɗin magani. A 2010 kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a gwada jini tukuna kafin a ba da magani. Sai kowa ya buɗe littafinsa ya ƙirga: cikin waɗanda ya ba maganin, nawa ya gwada? Wanda bai gwada ba ya faɗi dalili, ko kayan gwaji ne suka ƙare, ko taron jama'a ya yi masa yawa. Abin ba na wasa ba ne, gama ba kowane zafin jiki ne na sauro ba. Yaron da wuyansa ya ƙage da bazara, mai yiwuwa sanƙarau ne, irin wanda ya yi ɓarna a Sakkwato da Zamfara a 2017. In aka sallame shi da maganin zazzaɓi, kwana guda ya isa a rasa shi.

Abin da a ke so ga Hakimai

1. Su ba da zaure ko ɗakin makaranta inda ba hayaniya.

2. Kada su mai da taron ɗakin shari'a. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma wanda ya ga an tozarta ɗan'uwansa don ya faɗi kuskurensa, ba zai ƙara buɗe baki ba.

3. Kada a nemi sunan majinyaci. Asirinsa amana ne.

4. In shawara ta shafi jama'a, kamar jinkirin kai mai naƙuda asibiti, Hakimi ya isar wa dagatai da masu unguwa, malaminsa kuwa ya rubuta ranar da aka isar.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.