Aikin ɗurin buhu a mangaza

Ɗan'uwa, in an gama aikin gona, wataƙila za ka tafi birni cin rani. Cikin ayyukan da za ka iya samu akwai ɗurin buhu a mangaza, ko a masana'anta, wadda muke ce ma izin. Wasu suna cewa aikin ƙarfi ne kawai. Ba haka ba ne. Kowane kaya da irin ɗurinsa. In ka yi kuskure, kayan mutane su lalace, kai kuma a sallame ka.

Mu ɗauki kaya uku.

Na farko albasa, kamar ta Galmi da ake kaiwa har Gana da Abijan. Albasa tana son iska. Bari ta bushe da kyau kafin ka ɗura. Fid da mai rauni da wadda ta fara ruɓa. Sa ta cikin buhu mai shan iska, kada ka sa ta cikin leda. Kada ka jefa buhun ƙasa, don albasar da ta bugu ba ta kai ƙarshen tafiya.

Na biyu wake. Shi kuwa iska ce ke cutarsa, don da ita ƙwari ke rayuwa. Tun shekarar 2008 aka yaɗa buhu mai riɓi uku a ƙauyukan Nijar, wanda ake kira PICS. Leda biyu ne a ciki, buhu ɗaya a waje. Wake ya bushe sarai, ka tsince shi, don wake ɗaya shi ke ɓata gari. Duba ledar, kada ta zan da huda. In ka ɗura, matse iska ta fita. Murɗe bakin ledar farko ka ɗaure, sannan ta biyu, sannan buhun waje, kowane da igiyarsa. Ƙwarin da ke ciki za su mutu, ba sai an sa magani ba.

Na uku siminti, kamar na izin ɗin Malbaza. Inji ke ɗura shi, mutum ya karɓa ya jera. Buhu ɗaya kilo 50 ne, buhu 20 ke nan tan ɗaya. Siminti bai son ruwa ko kaɗan. In ya sha danshi ya daskare, ya zama dutse.

To, yaya ake jeri? Shimfiɗa katakai tukuna, kada buhu ya taɓa ƙasa. Bar fili tsakanin kaya da bango, yadda mutum zai iya wucewa ya duba ɓera da ƙwari. Jera buhuhuwa kamar ginin bulo, wani bisa wani a giciye, don kada su zubo kan wani. Kayan da suka riga shiga, su za su riga fita.

Ka kula da jikinka, shi ne jarinka. In za ka ɗauki buhu, durƙusa da gwiwa, bayanka a miƙe, buhun kusa da ƙirji. Buhu mai kilo 100 ba na mutum ɗaya ba ne, kira ɗan'uwanka ku kama tare. Ƙurar siminti tana cin fata, tana shiga huhu. Rufe hanci da baki, ka wanke hannu kafin ka ci abinci.

Sai maganar kuɗɗi. Kafin ka taɓa buhu, tambaya: biyan na wuni ne ko na buhu? Misali, in an yi jinga dala 5 kowane buhu, ka ɗura 60, kuɗɗinka dala 300 ne. Rubuta lissafinka kowace yamma cikin ɗan littafi. In an ɗauke ka aikin wata, sani cewa tun Janairu 2024 albashi mafi ƙanƙanta a Nijar jika 42 ne. Tilas kuma mai gida ya rubuta sunanka a Kes, wato CNSS, don ranar da ka ji ciwo wurin aiki.

Ka gani, wanda ya iya karanta sikeli da rubuta lamba, da wuya a cuce shi.

Tambayoyi
1. Don mi ba a sa albasa cikin leda?
2. Buhun siminti nawa ne tan 3?