Kalmomin Turanci Masu Wuyar Faɗi

'Yan'uwana masu koyon aikin malanta, kowa ya sani a Hausa yadda aka rubuta kalma kusan haka ake faɗinta. Turanci ba haka yake ba, nan ne kuwa malami yakan yi tuntuɓe. In ya faɗi kalma a karkace, yaran ajinsa duka za su ɗauka su girma da ita, gama icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Ga asalin rikicin. William Caxton ya kai injin buga littattafai Ingila a 1476. Daga nan rubutu ya soma tsayawa wuri ɗaya, amma bakin mutane ya yi ta sakewa. A dā Turawa suna faɗin k na knife da knee. Yanzu sun bari, harafin kuwa yana nan zaune.

Kalmomin ilimi kuma da yawa daga harshen Helenanci aka aro su, suka zo da rubutunsu. A cikinsu ph kamar f ake faɗinsa, ch sau da yawa kamar k, p kuwa in ya zo a farko gaban n ko s, ba a faɗinsa sam.

Ku dubi pneumonia. Ana cewa "nyumoniya". Pneumon huhu ke nan a Helenanci, watau ciwon huhu. Psychology, wadda muke karantawa a nan kwaleji, "saikoloji" ake cewa. Psyche rai ne, watau ilimin sanin halin ɗan Adam. Thermometer kuwa zafi ne da awo aka haɗa, watau ma'aunin zafi. Photograph haske ne da zane, daga nan muka sami kalmarmu hoto, kamar yadda muka sami tarho daga telephone, watau murya daga nesa. Wanda ya san waɗannan gutsattsarin, ko ya gamu da baƙuwar kalma zai iya cinko ma'anarta.

Sai kuma a lura da gaɓar da ake ƙarfafawa. A photograph ta fari ce, a photography ta biyu.

Wani lokaci kunne ya fi ido gaskiya. Sojojinmu da suka ji colonel daga bakin Turawa suka ce kanar, sun fi kusa da daidai bisa ga mai karatun da ya bi haruffa ya ce "kolonel".

Saboda haka, kafin ka shiga aji, ka fitar da kalmomi masu wuya na darasin, ka duba su cikin ƙamus mai nuna lafazi, kamar na Daniel Jones wanda ya fara fitowa a 1917. Sa'an nan ka rubuta kowace a allo, ka rarraba ta gaɓa gaɓa, yara su faɗa bayanka. In ƙamus bai warware maka ba, tambayi malaminka. Matambayi ba ya ɓata.