Zane mai faɗin gaskiya

Gero shi ne babban abincin mutanen Ƙonni da Malbaza da Illela. Cikin kowace tsabar gero akwai ƙwayoyin gado, waɗanda ido ba ya gani. Su ne ke sa wani iri ya nuna da wuri, wani kuma ya jure fari.

A shekarar 2017 masana na ƙasashe da yawa suka bayyana cewa sun karanta ƙwayoyin gadon gero da taimakon kwamfuta. Cibiyar ICRISAT, mai gonar gwaji a Sadore kusa da Yamai, tana cikin shugabannin aikin. Sun ƙirga ƙwayoyin gado fiye da dubu 38. Babu mai iya duba lissafi mai yawa haka ya gane shi nan take. Shi ya sa masana ke mai da lissafi zane.

Zane mai kyau yana da ƙa'idodi huɗu:

1. Yana da suna a sama, mai faɗin abin da aka auna.
2. Ana rubuta ma'auni a gefe: kilo, ko santimita, ko dami.
3. Launi ba ya yawa. Kowane launi da ma'anarsa.
4. In zanen sanduna ne, ƙirga tana farawa daga sifiri.

Ga misalin ƙa'ida ta huɗu. An shuka iri biyu a gonaki biyu masu girma ɗaya. Na fari ya ba da dami 40, na biyu dami 44. In ƙirga ta fara daga sifiri, sandunan biyu sun kusa zama tsawo ɗaya. Amma in ta fara daga 38, sandar fari tana hawa gida 2, ta biyu gida 6. Mai kallo sai ya ce iri na biyu ya ninka na fari sau uku, alhali dami 4 kawai ya fi shi. Manomin da ya yarda da wannan zane yana iya sayar da akuyarsa don sayen irin, kaka ta zo bai ga ninkin ba.

Aiki

A auna tsawon zangarniyar gero biyar da santimita. A zana sanda ɗaya don kowace zangarniya. Daga wane lamba ƙirga za ta fara?