Kowace Kwalba da Muryarta

Amfilifayar da muke ji a masallatan Talata Mafara, Bakura da Maradun yawanci ta tiransisto ce. Amma kafin a ƙirƙiro tiransisto a 1947, kwalba ce, wato bawul, ke ƙara ƙarfin sauti, kuma har gobe makaɗan jita ba su rabu da ita ba.

Bari in kawo guda biyu. 6L6, wadda kamfanin RCA na Amurka ya fitar a 1936, sautinta garau ne, ga kauri. Ita Fender ya fi sawa. EL34 ta Turai kuwa, wadda Marshall ya yi suna da ita, in ka ƙure mata ƙara sai ta soma gurnani, abin da makaɗa ke so ke nan. Ƙirar cikinsu ce ta bambanta, shi ya sa kowacce da yadda take murɗe sauti in ta ƙoshi.

'Yan lantarki, a kula: ba a musanya su da ka. Hitar EL34 na jan amfiya 1.5, ta 6L6 kuwa 0.9, taransifoma na iya ƙonewa. Sannan kafasito na riƙe bolt sama da 400 ko bayan an kashe wuta. A sauke cajin kafin a kai hannu.